Tuwon Shinkafa da Miyar Sure: Yadda Ake Rage Tsami Ba Tare da An Kashe Shi Ba

Ganyen da mutanen Kano da Zazzau suke kira yakuwa shi ne muke kira sure a Sakkwato, kuma da wuya damina ta shiga ta fita ba a ɗora tukunyar miyarsa a gida ba. Tsiro ɗaya ne da wanda ake samun soɓorodo a jikinsa: ganyensa na miya, ƙoƙon furensa na abin sha, 'ya'yansa kuma, wato gurguzu, su ake dafawa a rufe su kwana biyu su nuna a yi daddawar batso da su. Manoma ba su cika ware masa gona guda ba, a bakin kunyoyin hatsi da dawa ake shuka shi ko a kan iyakar gona, shi ya sa da zarar ruwa ya zauna yake cika kasuwa, ya yi araha har mai ƙaramin ƙarfi ya saya ya ƙoshi.

Abin da ya tunzura ni na yi wannan rubutu shi ne yawan cin karo da nake yi da miyar sure iri biyu da duk suka kauce hanya. Akwai wadda aka bar wa tsaminta gaba ɗaya, mutum ya kai loma uku haƙoransa su mutu. Akwai kuma wadda aka danƙara wa kanwa don tsoron tsamin, ta yi duhu, ta yi santsi, tana ɗanɗanon sabulu, ba wanda zai iya cewa ga ganyen da ke cikinta. Ta biyun ta fi ba ni takaici, domin tsamin nan shi ne dalilin da ya sa aka zaɓi sure aka bar alayyahu. Aikin mai girki shi ne ta rage masa kaifi har ya zauna lafiya da gujiya, wato gyaɗa, da daddawa, ya riƙa jan mai ci zuwa loma ta gaba. Duk matakan da ke tafe wannan manufa suke yi wa hidima.

Ma'aunin da zan bayar na mutum 6 ne, kuma gwangwanin madara na yi amfani da shi tunda babu gidan da ba a san girmansa ba. Za ki tanadi shinkafar tuwo gwangwani 6, ɗanyar gujiya, wato gyaɗa, gwangwani 1 da rabi, nama mai ƙashi kamar rabin kilo ko fiye, busasshiyar tarwaɗa 2, kabewa wadda muke kira kabushi yanka ɗaya matsakaici, albasa 2, tattasai 4, tarugu 2 ko 3, tumatir 2 kacal, daddawa ƙwaya 2, citta da masoro da tafarnuwa kaɗan, manja ko man gujiya ludayi ɗaya, gishiri, da ɗan gutsuren kanwa da bai wuce girman ƙwayar gujiya biyu ba. Suren kuwa, wanda idan an tsinke shi zai cika kwanon sha matsakaici biyu ya isa. Kada ƙarancin tumatirin ya ba ki mamaki, shi ma mai tsami ne, kuma idan kika cika shi kin tara wa miyar tsami biyu da ba sa jituwa.

Gyaran miyar nan tun daga wurin cefane yake farawa. Ki nemi ganye matashi, ƙanana da matsakaita na saman reshe, wanda bai fara rawaya ba kuma tsutsa ba ta huda shi ba, domin tsohon ganye yana da kauri da zare, kuma ko ya daɗe a wuta ba ya narkewa cikin miya yadda ake so. Sannan ki tsinki ɗaya ki wanke ki tauna. Wannan ɗabi'a a wurin goggona, ƙanwar mahaifina, na same ta, wadda a hannunta na koyi miyar. Ranar da na fara ɗora tukunyar a gabanta, na ɗauko kanwa tun ban taɓa ganyen ba, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Ɗiyata, ɗanɗani ganyen tukuna, shi ka hwaɗa miki kanwad da shika so." Na ce, "To, Goggo," na tauna, sai na ji ashe na ranar tsaminsa kaɗan ne, bai ma buƙatar kanwa. Tsamin sure ba ɗaya ba ne kullum, yana bambanta daga gona zuwa gona da kuma daga farkon damina zuwa kaka, saboda haka ba wanda zai iya rubuta miki ma'aunin kanwa tabbatacce sai harshenki.

Nama kuwa, na akuya ko na rago mai haɗe da ƙashi ya fi dacewa, musamman haƙarƙari, kuma a Kasuwar Daji idan kika gaya wa mahauci na miya kike so ya san yankan da zai yi miki. Tsoka zalla ba ta ba da romo mai nauyin da zai tari tsami. Bandar kifi ita ce take ba miyar ƙamshin da ake jiyowa daga zaure, ko ta Yawuri ce ko wadda ake samu wajen masunta a Kwalkwalawa. Albasa kam ba mu da matsalarta, ga ta Gada da Wurno da Goronyo, ga kuma ta Aliero, wadda har gobe muke ɗauka tamu ce ko da yake tun 1991 aka fitar da jihar Kebbi daga Sakkwato. Gujiyar ce take buƙatar ido sosai: ki baza ta a faifai ki tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta motse ko ta yi hunhuna, domin irin wannan tana ɗaci, ƙwaya ɗaya tana iya ɓata tukunya, kuma hunhunar gujiya tana ɗauke da guba mai cutar da hanta wadda dafuwa ba ta kawar da ita.

Idan kin dawo gida, shinkafa za ki fara taɓawa ko da yake ita ce za ta sauka a ƙarshe. Shinkafar tuwo ita ce ɗanya wadda ba a yi mata gumi ba, fara sol, gajera, mai yawan karyewa, irin wadda ake nomawa a fadamun gulbin Rima. Doguwar shinkafar buhu da aka turara an yi ta ne don ta warware a tukunya, saboda haka ko kin kwana kina tuƙa ta ba za ta haɗe ba. Ki wanke ta sau biyu, ki rege ta a ƙwarya a hankali don tsakuwa ta kwanta a ƙasa, sannan ki jiƙa ta awa 1 zuwa 2. Jiƙon yana rage lokacin dafuwa, yana rage cin itace ko gas, kuma yana sa tuwon ya yi laushi har ciki. A lokacin nan ne kuma za ki jefa gutsuren kanwar a rabin kofi na ruwa ki ajiye gefe, ta narke, ƙasar da ke cikinta ta kwanta.

Sai ki tsai da sanwar nama. Ki zuba shi a tukunya da ruwan da zai sha kansa, da yankakkiyar albasa ɗaya da gishiri kaɗan, ki daka daddawa da citta da masoro da tafarnuwa su yi laushi ki zuba tun yanzu. Daddawa tana son doguwar wuta. Idan aka jefa ta a ƙarshe warinta ne yake fitowa, idan kuwa ta dahu tare da nama na kusan awa ɗaya sai warin ya tafi, zaƙin ya rage a cikin romo. Game da wadda za a zaɓa, daddawar kalwa ta fi samuwa kuma tana yin kyau, amma ni na fi son a haɗa ta da ta batso rabi da rabi, domin batso daga jikin suren ta fito kuma ɗanɗanonsu yana shiga juna. Ƙarfinta ya fi na kalwa, saboda haka wadda ba ta saba da ita ba ta fara da kaɗan. Wajibi ne naman ya yi laushi kafin sure ya shiga tukunya, domin sure shi ne na ƙarshe, kuma ba ya daɗewa a wuta.

Yayin da nama yake dahuwa sai ki koma kan ganye. Ki tsinke shi daga itacensa, ki cire sandunan masu tauri, ki zuba a babban kwano cike da ruwa ki motsa. Ki riƙa tsamo ganyen da hannu kina mayarwa wani kwanon, kada ki tsiyaye ruwan ta kansa, domin yashi a ƙasa yake kwanciya kuma tsiyayewa tana maido shi jikin ganyen. Ki yi haka sau uku. Ƙasarmu mai rairayi ce, ruwan sama yana fantsama ta jikin ganye, kuma babu abin da yake zubar da darajar miya kamar a ji ƙasa a haƙori. Bayan wanki ne ake yankawa, ba kafinsa ba.

Yanzu aka zo wurin da miyar take gyaruwa ko ta ɓaci. Ki tafasa ruwa a wata tukunya dabam, ki zuba yankakken suren, ki bar shi minti 3 zuwa 5. Za ki ga korensa ya juye ya koma kamar ruwan ƙasa, ya kuma yanƙwane ya ragu sosai. Wannan ba lalacewa ba ce, aikin tsamin da ke jikinsa ne idan ya ji zafi. Ki tsame shi a matsami, amma kada ki zubar da ruwan duka, ki ɗebi kofi ɗaya ki ajiye. Yawancin tsamin yana cikin ruwan nan, kuma idan kika gama miya kika ji ta yi lami, da shi za ki dawo mata da ranta cokali bayan cokali. Tsamin da aka ajiye a kofi ana iya maido shi, amma wanda kanwa ta cinye ya tafi ke nan. Ki ɗanɗani ganyen da kika tsame. Idan tsaminsa ya sauko daidai yadda za ki iya taunawa ba tare da kin runtse ido ba, kin gama, ki manta da kanwa. Idan har yanzu yana da kaifi, sai ki mayar da shi tukunya da ɗan ruwa, ki tsiyayi ruwan saman kanwar nan ki zuba cokali ɗaya.

Da zarar kanwa ta sauka za ki ga kumfa ta taso. Kumfar nan alama ce ta cewa kanwa ta haɗu da tsami suna cinye juna, kuma ita ce ma'auninki mafi gaskiya. Muddin kumfa tana tasowa da ƙarfi, akwai sauran tsami da yawa. Idan ta fara raguwa, ki tsaya nan take, ki motsa, ki ɗanɗana. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ci gaba da zubawa har kumfa ta daina fitowa gaba ɗaya, alhali a lokacin babu sauran tsamin da kanwar za ta ci, sai ta zauna a miya da ɗanɗanonta, ta dafe ganyen ya yi santsi da duhu. Ki kuma tuna cewa gujiya da kabushi suna nan tafe, kuma kowannensu zai ƙara danne tsamin, saboda haka ganyen ya kamata ya bar wannan mataki da tsamin da ya ɗan zarce wanda kike so a ƙarshe.

A gidan da akwai yara ƙanana ko tsofaffi ko wanda tsami yake tayar wa ciwon ciki, akwai hanyar da ta fi kanwa sauƙi, wato a haɗa suren da alayyahu, kashi ɗaya na sure kashi biyu na alayyahu. Alayyahun ba ya buƙatar tafasawa dabam, ana zuba shi ɗanye a ƙarshe.

Ki jajjaga tattasai da tarugu da tumatir da sauran albasar a turmi, kada ki niƙa su su zama ruwa. Ki zuba mai a tukunyar miya, idan ya yi zafi ki soya jajjagen a matsakaiciyar wuta har ruwansa ya ƙone, man ya taso samansa, ƙamshinsa ya sauya daga na ɗanye zuwa na soyayye. Iyayenmu da yawa ba sa yin wannan suya, kai tsaye suke zuba komai a sanwa, kuma miyarsu tana daɗi, sai dai tana buƙatar doguwar dafuwa a kan itace. Ga mai girki da gas ko gawayi, suyar ta fi saurin kai ta ga biyan buƙata. Sai ki juye nama da romonsa a kai, ki fere kabushi ki yanka ƙanana ki zuba, ki rufe minti 15. Idan ya nuna ki farfasa shi da bayan ludayi ko maburgi har ya narke cikin romon. Shi ne yake ba miyar jiki da ɗan zaƙin da yake rungumar tsami.

Gujiyar ɗanya za ki daka, ko ki ɗan gasa ta sama-sama don ɓawon ya fita ki mirje ki bushe, amma kada ki bari ta soyu, domin soyayyar gujiya ƙamshinta yana rinjayar na sure, miyar ta koma miyar gyaɗa. Ki daka ta ta yi gari mai ɗan tsaki-tsaki, ki tsaya kafin ta fara fitar da mai ta dunƙule. Ki barbaɗa ta a kan romo yana tafasa, ki rage wuta, ki ba ta minti 15 kina gewaya ludayi ta ƙasan tukunya lokaci zuwa lokaci, saboda tana saurin kamawa, kuma ƙaurin gujiya ba ya ɓoyuwa. Za ki san ta nuna idan gafinta ya tafi, miyar ta yi kauri, mai ya fito ya yi ido-ido a sama. Kifin da kika jiƙa a ruwan zafi da gishiri, kika wanke, kika cire masa ƙaya da kai, yanzu zai shiga.

Sure shi ne na ƙarshe. Ki zuba shi ki motsa a hankali don kifi kada ya dagargaje, ki bar tukunyar a rabin rufe minti 10 a ƙaramar wuta. Sai bayan haka za ki daidaita gishiri da magi idan kina sa shi, domin tsami yana sauya yadda harshe yake jin gishiri, kuma wadda ta cika gishirinta tun farko takan tarar ya yi yawa bayan ganye ya shiga. Ki ɗebi miyar a cokali ki bari ta ɗan huce kafin ki ɗanɗana. Abin da ake nema shi ne a fara jin maiƙon gujiya da zaƙin romo, sannan tsami ya biyo baya ya wanke baki, yaji ya zo daga ƙarshe. Idan tsamin bai iso ba, ga kofin ruwan da kika ajiye. Idan ya zarce kaɗan, ƙarin dakakkiyar gujiya cokali biyu da minti 10 a wuta ya fi ƙarin kanwa alheri.

Tuwon za ki iya ɗora shi tun lokacin da kabushi ya shiga miya. Ki tafasa ruwa kamar gwangwani 15, ki tsame shinkafar daga ruwan jiƙo ki zuba, ba gishiri ba mai. Idan ta tafaso ki rage wuta ki rufe, ki ajiye butar ruwan zafi a kusa, domin idan ruwa ya ƙone shinkafa ba ta nuna ba, ruwan zafi ake ƙarawa, na sanyi yana dakushe dafuwar. Bayan minti 30 zuwa 40 ki ɗauki ƙwaya ki murza tsakanin yatsu. Idan ta narke ba sauran tauri a tsakiyarta, ta isa tuƙi. Gaggawa a nan ita ce take haifar da tuwo mai tsaki-tsaki wanda yake wargajewa a hannu.

Ki kafa tukunyar da kyau, ki riƙe bakinta da tsumma, ki sa muciya kina danna shinkafar a jikin tukunya kina juyo ta daga ƙasa zuwa sama, har ƙwayoyin su ɓace, ta haɗe ta fara danƙo. Idan ya yi ruwa, ki barbaɗa garin shinkafa kaɗan-kaɗan kina tuƙawa har ya ɗaure. Sannan ki yayyafa ruwan zafi kaɗan a kai, ki rufe, ki janye itace ki bar garwashi ko ki mayar da gas can ƙasa, ya sulala minti 10. Wannan sulalar ce take dafa garin da kika ƙara, take kuma sa tuwon ya kwana bai saki ruwa ba. Ki buɗe ki sake tuƙawa karo na biyu, za ki ji muciyar ta yi nauyi, tuwon yana sheƙi. Ki tsoma mara a ruwa ki kwasa, ki jefa a ƙoƙon da kika jiƙa ki malmala. Ni a akushi ko kula nake jera malmalata, ban son ƙulla tuwo mai zafi a leda, domin yana gumi a ciki, fatarsa ta jiƙe ta yi laɓo-laɓo. Idan an zo ci, a zuba miya a gefe, a ɗiga man shanu soyayye da albasa a kai, a ajiye dakakken tonka, wato barkono, ga mai son ƙarin yaji.

Da rani ɗanyen sure yana wuya, sai wanda masu lambu suke kawowa daga fadama, saboda haka gidaje da yawa suna shanya nasu tun kaka. A inuwa ake shanya shi, wurin da iska take ratsawa, a kan tabarma mai tsabta, har ya bushe ƙarau, sannan a adana a buhu nesa da laima. Busasshen ana jiƙa shi a ruwan zafi minti 10 a wanke, kuma ɗan kaɗan ne yake isa domin yana kumbura. Farin soɓorodo ma ana miya da shi ta wannan hanya, sai dai naman jikinsa ya fi ganye kauri, yana son tafasa mai ɗan tsawo kafin ya shiga miya.

Idan miya ta rage, kada ki bar ta ta kwana a tukunyar dalma, domin tsami yana cin jikin ƙarfen, da safe ki tarar ta sauya launi tana ɗanɗanon tukunya. Ki juye ta a kwanon tangaran ko tukunyar ƙasa. A watannin bazara, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, miya mai gujiya ba ta jure ajiya, saboda haka in babu firiji ki tafasa ta sosai kafin a kwanta, ki rufe, kada a sake sa mata ludayi, ki kuma sake tafasa ta da asuba. Ɗumamen tuwon ana yin sa ne da ɗan ruwa a ƙasan tukunya, a yanka malmalar gida huɗu a jera, a rufe ya turara har zafi ya ratsa cikinsa, kuma za ki ji tsamin miyar ya ɗan ƙara fitowa bayan ta kwana, don haka idan kin san da ɗumame za a karya, ki sassauta hannu wajen ƙara ruwan suren nan tun daren. Ƙanzon da ya kama a gindin tukunya kuma ki kankare shi ki shanya ya bushe, ranar da aka buƙace shi a jiƙa ya yi laushi, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai.